Labarin Ladi Kwali da Silsilar Masu Ginin Tukwane

Ga faɗakarwa a kan wata sana'a wadda kowa ya ke cin moriyarta, amma kaɗan ne su ke girmama masu yinta, watau ginin tukwane.

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe takardar naira 20, wadda jama'a su ke kira Murtala, in ya juya bayanta zai ga surar wata mace a sunkuye tana aikin tukunya. Tun shekarar 2007 aka sa ta a nan. Sunanta Ladi Kwali. An haife ta wajen shekarar 1925 a garin Kwali, a ƙasar Gbagyi, waɗanda Hausawa su ke kira Gwari. Ba ta yi karatun boko ba. Tun tana yarinya ta koyi gini a hannun ɗaya daga cikin iyayenta mata, gama a ƙasarsu sana'ar ta mata ce, uwa ta bar wa 'ya.

Ga yadda su ke ginin. Sai a haƙo yumɓu, a jiƙa shi, a tattake, a tsince tsakuwa. Sa'an nan maginiya ta ɗora curi guda a kan mazauni, ta luma hannu a tsakiyarsa, ta riƙa jan bangon sama tana kewaya shi da ƙafarta. Tukunya tana zaune wuri ɗaya, mai ginin ce ke juyawa. In yumɓu ya gaza, ta murza wani kamar igiya, ta liƙa a baki, ta shafe, har randa ta kai ƙugunta. Ba ma'auni a hannunta, ido ne kaɗai da sabo, amma da ƙyar a ga inda cikin randar ya karkace. Kafin ta bushe sarai a kan yi mata ado da bakin wuƙa, da ɗan itace mai tsaga-tsaga ko murɗaɗɗiyar igiya da a ke mirginawa a jikinta. In ta bushe, a tara tukwane a matoya, a rufe su da itace da ciyawa, a sa wuta. Da an janye su da zafinsu, a yayyafa musu ruwan makuba don su yi duhu da ƙarfi.

Mata da yawa sun iya wannan. Abin da ya fifita Ladi shi ne daidaiton hannunta da yadda ta ke raba jikin randa gida-gida, ta cika wani da zane-zane, ta sa kunama ko ƙadangare ko kada ko hawainiya ko kifi a wani. Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, ya ga kyan aikinta, ya tara randunanta a gidansa. Abujar da a ke nufi a nan ita ce garin da a ke kira Suleja yanzu, tun da aka ba babban birnin tarayya sunan.

A gidan Sarki ne wani Bature mutumin Ingila, Michael Cardew, ya ga randunan. Shi ma maginin tukwane ne, gwamnatin lokacin ta ɗauke shi don ya koyar da ginin zamani, ya zaɓi Abuja ya kafa makarantar tukwane a farkon shekarun 1950. A ƙarshen 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko a cikinta. A can ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, ta yi kwanoni da butoci da kofuna. Amma ba ta yar da hanyar iyayenta ba. Ta ci gaba da gina randa da hannu tana kewayawa, sai dai yanzu da yumɓu mai jure wuta, ta cika zanen da farin yumɓu, a shafe shi da haɗin toka da garin dutse, a gasa a tanderu. Wutar matoya ba ta cika wuce ma'aunin zafi 900 ba, ta tanderu kuwa ta kan haura 1,200, har abin da aka shafa ya narke ya zama kamar tangaran.

A nan akwai mas'alar da ya kamata mai hankali ya tsaya a kanta. Randar gargajiya tana da ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, ruwa ya kan tsattsafo ta cikinsu, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Tukunyar gargajiya kuma a kan ɗora ta bisa murhu ba ta fashe ba. Randar da ta shiga tanderu ta toshe, ba ta tsattsafo, saboda haka ba ta sanyaya ruwa, ga nauyi, ga tsada. Watau ta sami ƙyalli da tsawon rai, ta rasa aikin da aka fara gina ta dominsa. Matar ƙauye ba ta da bukatarta. Masu sayenta sai manyan ma'aikata da Turawa da gidajen ajiye kayan tarihi. Ɗan kasuwa ya san wannan karatu: in haja ta sake kama, to, ta sake masu saye.

Duk da haka ta wannan ƙofa ce sunan Ladi ya fita duniya. An nuna aikinta a London a 1958 da 1959 da 1962. Ta je Ingila ta yi gini a gaban jama'a, a 1972 ta zaga Amurka tare da Cardew. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, gwamnatin Nijeriya ta ba ta lambobin yabo a 1980 da 1981. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984.

Malamai sun san cewa ilmi ba ya tafiya sai da silsila, wane ya karɓa daga wane. Haka sana'a ta ke. A 1974 wata ɗaliba mutuniyar Kenya, Magdalene Odundo, wadda ke karatu a Ingila, ta zo Abuja bisa shawarar Cardew, ta zauna a gaban Ladi da sauran matan makarantar, ta koyi ginin hannu. Da ta koma ba ta kwaikwayi randar Gbagyi ba, ba ta sa kunama ko kada ba. Hanyar ta ɗauka. Ta kan gina da hannu, ta shafa tataccen ruwan yumɓu, ta goge da dutse mai santsi har ya yi sheƙi. In ta gasa da wadatar iska, tukunya ta fito ja kamar garwashi. In ta sake gasawa a rufe cikin hayaƙi, ta fito baƙa wuluk. Wuyan tukwanenta dogo ne mai lanƙwasa, siffar da ba a san ta da kowa ba sai ita. An sayar da tukunyarta guda fiye da fam dubu ɗari, an kuma ba ta babbar lambar girma ta Ingila a 2020. Ba ta taɓa ɓoye inda ta yi karatu ba. A 2022 aka yi wani nuni a London, aka jera aikin Ladi da nata da na waɗansu mata na baya, don a ga yadda silsilar ta zo.

Wani kuma shi ne El Anatsui, mutumin Gana, wanda ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975. A ƙarshen shekarun 1970 ya yi jerin ayyukan yumɓu a kan fasassun tukwane. Abin da ya ja hankalinsa shi ne al'adar magina ta daka tsingaro su zuba cikin sabon yumɓu, don tukunya ta jure wuta. Daga baya ya shahara da haɗa murafen kwalabe dubbai da wayar jan ƙarfe, su zama kamar babban mayafi a jikin bango. Kayan aikin ya sake, amma tunanin na maginiya ne: abin da aka zubar yana da sauran amfani.

To, mai zayyanar allo, da baduku, da mai ɗinkin riga, da mai shafen soro, kowa yana da rabo a wannan labari. Ladi ta karɓi tanderun baƙo ba ta saki hannun iyayenta ba. Odundo ta karɓi hannun Ladi, ta fito da siffa tata. Wanda ya tsaya ga kwaikwayo kaɗai ba zai wuce malaminsa ba, wanda ya raina tushe kuwa ba shi da abin da zai gina a kai.

Yau roba da ƙarfe sun cika kasuwa, magina suna raguwa, 'ya'yansu suna gudun laka. In tsohuwa ɗaya ta mutu ba ta koya wa kowa ba, ilmin da ke hannunta ya tafi ke nan, gama ba a rubuce ya ke ba. Saboda haka attajirin da ya tarar da maginiya a bakin kasuwa da randunanta, ya dubi aikin da kyau kafin ya taya, ya kuma tambaye ta wurin wa ta koya, da wanda ta ke koya wa.

Wassalam.