Darasin Kogon Saur: Tawakkali Ba Ya Hana Shiri

A littafin Arrahiƙul Makhtum na Shaikh Mubarakfuri, labarin hijira babban darasi ne ga duk gidan da ke cikin ƙunci. Madina tana arewa, amma Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar suka nufi kudu, suka ɓuya kwana 3 a Kogon Saur. Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo labarin Makka da dare, Amir bin Fuhaira yana bi da tumaki su shafe sawu. Wanda Allah yake karewa ma bai bar dabara ba. Mu da bashi, jarrabawa ko rashin aiki suka dama, sai mu haɗa addu'a da shiri, sannan mu bar wa Allah sauran.