Mu Kai Iyali Filin Sukuwa

Magidanta da yawa kan yi kukan cewa ba su da inda za su kai iyalinsu su sha iska ba tare da aljihu ya girgiza ba. Gidan abinci na masu hali ne, wurin wasan yara na zamani kuwa kowane lilo da kuɗinsa. Sai ranar hutu ta zo ta wuce yara suna ɗaka sun duƙufa a kan waya, uwa tana madafa, uba yana fada wajen abokai. Alhali a bakin gari akwai fili shimfiɗaɗɗe inda ake sukuwar dawaki, nishaɗin da kakanninmu suka sani tun kafin zuwan mota.

A Yamai da Maraɗi da Damagaram akwai filayen sukuwa sanannu, a ƙananan garuruwa kuma da wuya a rasa wani fako a bayan gari inda masu dawaki ke haɗuwa. Manyan gasanni sukan faɗo a lokutan bukukuwa, kamar na ranar 18 ga Disamba, ranar da aka kafa Jamhuriya a 1958. Sai dai mu ba su muka fi nufi ba, domin cunkosonsu yana wahalar da mai ƙananan yara. Wadda ta fi dacewa da iyali ita ce sukuwar da aka saba yi da yamma a ƙarshen mako, wadda mai doki ya san ƴan kallo, su ma suka san shi.

Kuɗin da ake kashewa bai taka kara ya karya ba. A fili maras katanga kallo kyauta ne, inda ake karɓar wani abu kuwa, kujerun rumfa ne ke da tsada, tsayuwa a gefe ba ta cin komi. Abin da ke cin kuɗi shi ne abin hawa da ƴan ciye-ciye, kuma duka biyun a hannun maigida suke. In uwargida ta dama fura, ta soya gyaɗa, aka cika jarka da ruwan sanyi, aka naɗe tabarma biyu, to an gama da rabin hidimar. Sauran a ba kowane yaro dala ashirin ya sayi rake ko aya da kansa, don shi ma ya san ya je kallo. Wanda gidansa ke kusa ya taka da ƙafa, tafiyar ma wani yawon ne.

Mun san abin da ke hana wasu iyaye zuwa, kuma ba mu raina dalilinsu ba. A kunnen mutane da yawa, da an ce tseren dawaki sai su tuna da rumfunan PMU da ke bakin titi, inda magidanci kan wuni yana nazarin takarda yana zaɓen lambobi. Wannan caca ce tsagwaronta, kuma dawakin da ake zuba kuɗi a kansu a Faransa suke gudu, mai tikiti bai taɓa jin ko haniniyarsu ba. An kafa PMU a can a 1930, aka ƙirƙiro wasan zaɓen dawaki uku na farko a 1954, daga baya ya ƙetaro zuwa ƙasashenmu. Tsarinsa a fili yake: ana tara kuɗin kowa wuri guda, masu shiryawa su cire rabonsu tukuna, sannan a raba ragowar ga waɗanda suka dace. Ke nan in aka haɗa masu wasan gaba ɗaya, kullum abin da ya komo hannunsu bai kai abin da suka zuba ba. Allah ya haramta caca a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, ya jera ta tare da giya.

Ita sukuwar kanta hukuncinta dabam ne. Ya tabbata a Buhari da Muslim, ta hanyar Abdullahi ɗan Umar, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tsere a Madina. Dawakin da aka horar suka taso daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba aka rage musu zango, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kuma shi Ɗan Umar yana cikin mahayan. Dubi yadda aka bambanta zango bisa ƙarfin dabba, abin da masu shirya gasa ke yi har gobe. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun ware wa tsere babi, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil, sun kuma halatta kyautar da sarki ko wani attajiri ko ƙungiya ta sanya wa wanda ya zo na ɗaya. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ƴan kallo su sa kuɗi a tsakaninsu, wanda dokinsa ya ci ya kwashe. A gefen fili ba a rasa masu yin haka a ɓoye ko a sarari. Uban da ya zo da ɗansa yana da damar nuna masa bambancin da idonsa, abin da nasihar cikin ɗaki ba ta cika yi ba.

Mai son ya more kallo ya isa da wuri, da an sallame la'asar. Tseren kansa gajere ne, doki yakan cinye mita 1,000 kafin minti 2 su cika, sai ƙura ta lafa a jira na gaba. Daɗin yana wajen turaku, inda ake shirya dawaki. A nan yaro zai ga yadda ake ɗaura sirdi a ja majanyi, a sa linzami, a daidaita likkafa da tsawon ƙafar mahayi. A nan zai ji sunayen da suka fara ɓacewa a bakin ƴan birni: kili mai fari, akawali baƙi wuluk, danda, bidi, hurde, gunya. Zai san ingarma da goɗiya da dukushi. Tsofaffin masu barga ba sa ƙosawa da tambaya in aka gaishe su da ladabi, za su gaya maka na wane ne ɗan Arewa, daga wajen Dogondutsi, ƙasar da ta yi suna da dawaki, su ba ka labarin bagazam na ƙasar Azbin wanda ake yi wa kirari da juriya. Za su kuma gaya maka abin da doki ke ci a wata, gero da dusa da harawa da kanwa, har ka gane dalilin da ya sa ake cewa doki sai mai shi. Mu dai a ganinmu, yaron da ya yi awa guda a wajen ya ƙaru da Hausar da ba zai samu a lakwal ba.

Akwai hattara da ba a wasa da ita. Doki in ya miƙe a guje yana kusantar kilomita 60 a awa, kuma linzami ba birki ba ne. Wurare biyu ne mafiya hatsari: kwana, inda doki kan fanɗare ya yi waje, da bayan layin ƙarshe, inda yake ci gaba da gudu mai nisa kafin ya tsaya. A nan ne kuma samari ke kwararowa cikin fili da murna tun sauran dawaki ba su iso ba. Iyali su shimfiɗa tabarmarsu a gefen miƙaƙƙen zango, baya kaɗan daga igiya ko shinge, mata da ƙanana a wuri ɗaya nesa da turmutsitsin maza. Kada a bar yaro ya raɓi bayan doki ko da a ɗaure yake. Tun da isowa a nuna wa yara wata itaciya ko rumfa, a ce duk wanda ya ɓace ya je can ya tsaya. Lokacin hunturu ya fi daɗin zama saboda sanyin rana, amma ƙurarsa ta fi yawa, don haka mai ciwon asma da jariri gara a zaunar da su ta inda iska ke fitowa.

Galibi tseren ƙarshe shi ne na manyan dawaki, kuma yakan kusanci faɗuwar rana. Mai iyali ya fara naɗe tabarma kafin a raba kyaututtuka, domin da an watse babura da dawaki da masu ƙafa hanya ɗaya suke bi cikin ƙura. In an ɗauko buta daga gida, ana iya yin magariba a masallacin da ke kusa, sannan a kama hanya bayan hanya ta sarara.