Haɗaɗɗiya ko Haɗin Hannu? Yadda Na Sayo wa Autanmu Kwamfutar Gem a Riyad

Ƙarfe uku na dare ne a Riyad, wato ƙarfe ɗaya a Kano. Na gama zagayen magani, na zauna ke nan zan kurɓi shayi, sai ga saƙon Autanmu. Hotuna biyu ya turo. Na farko wata baƙar kwamfuta ce mai murfin gilashi, fitilu na walwali a cikinta kamar motar amarya. Na biyu kuwa takarda ce ya rubuta da biro, jerin kayayyaki bakwai da ban taɓa jin sunan ko ɗaya ba. A ƙasa ya ce: "Yaya, don Allah ki duba min. Ta saman a haɗe take, ta ƙasan ni zan haɗa. Wacce kika ga ta fi?"

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na san jijiya, na san allura, na san awon jini. Amma a daren nan da za a ce in nuna katin hoto a cikin kwamfuta, sai dai in nuna fanka.

Alƙawari ne ya ja min. Auta yana aji uku a jami'a, yana karanta zanen gine-gine, kuma tsohuwar kwamfutar cinya da yake fama da ita takan sandare da zarar ya buɗe zane mai nauyi. Yana kuma ɗan taɓa haɗa bidiyon biki don samun na kati. Na ce masa in ya ci jarrabawa da kyau zan saya masa wadda za ta ɗauki aikin. Ba zan ɓoye ba, shi ma bai ɓoye min ba: rabin zuciyarsa na kan zane, rabi na kan gem. Tun yana firamare ake zuwa kamo shi daga gidan gem na bayan layinmu. Abin da ya taimake shi shi ne, katin da ke zana filin ƙwallo a wasan EA Sports FC shi ne dai ke fito da bene mai hawa uku a manhajar zane.

Da Umma ta ji adadin kuɗin, riyal 4,500, sai da ta yi salati. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 a kan kowace dala ɗaya, ke nan dala 1,200 cif. Ta ce: "Yanzu ke da hankalinki, kuɗin da kika hana idonki barci kika tara za ki zuba a wasan yara?" Yayanmu babba ya ce da an ƙara a jarin shago. Ban ga laifinsu ba. Duk wanda ke aiki a waje ya san kowane riyal da sunan wani a jikinsa tun kafin albashi ya shigo. Shi ya sa na ƙudurta cewa in har zan kashe, to sau ɗaya zan kashe.

A nan Riyad ba a kallon gem a matsayin shiririta. A bazarar 2024 aka yi gasar Esports World Cup ta farko a Boulevard City, kyaututtukanta sun haura dala miliyan 60, kuma ƙungiyar Team Falcons ta nan Saudiyya ce ta zo ta ɗaya a jerin ƙungiyoyi. Saboda haka kasuwar kayan a cike take. Ranar hutuna na hau jirgin ƙasan cikin gari, shuɗin layin da ke bin titin Ulayya, na fara da manyan kantuna irin su Jarir da eXtra. Can komai a shirye: ka nuna, ka biya, a ba ka rasit, ka je gida ka jona. Windows na ciki, ba ruwanka da sukundireba. Ga kuma garanti, domin dokar kasuwanci ta ƙasar nan ta tanadi shekara biyu a kan kayan lantarki. In ta samu matsala, wuri ɗaya za ka mayar, ba mai ce maka laifin wancan ɓangaren ne.

Wallahi saura kaɗan in biya in huta. Abin da ya tsayar da ni wata abokiyar aikina ce 'yar Sudan, da ta ce kada in saya sai na leƙa Harajin Kwamfuta, kasuwar da ke nan cikin unguwar Ulayya. Wanda ya san Farm Centre ko titin Beirut a Kano zai gane wurin nan take: shaguna a jere, kwalaye har rufi, kowa na kiran ka. A wani ƙaramin shago ina ta haɗa Larabcina na asibiti, sai yaron shagon ya dube ni ya ce: "Hajiya, yi Hausa kawai." Ashe jikan Hausawan Makka ne, bai taɓa taka Najeriya ba, amma Hausarsa garau, sai ɗan gishirin Larabci.

Na nuna masa hotunan biyu. Bai ce min wannan ta fi waccan ba. Tambaya ɗaya ya yi: "A ina za ta zauna?"

Na ce Kano.

Ya ce: "To garantin nan da kike gani, a Riyad yake zaune. Ba zai bi ki jirgi ba."

Nan na gane inda na yi kuskuren lissafi. Ina ta auna wacce ta fi araha, alhali tambayar ita ce: ranar da ta lalace, wa zai gyara, kuma da me? A takarda garantin na nan, amma wa zai ɗauko akwati mai nauyin kilo goma sha wani abu daga Kano ya kawo Ulayya saboda fanka ta tsaya?

Ya zaunar da ni ya buɗe wata kwamfuta, ya nuna min kayan ciki ɗaya bayan ɗaya. Ga firosesa, ita ce ƙwaƙwalwa. Ga uwar allo, wadda masu gyara ke kira madabod, kowa a jikinta yake zaune. Ga RAM, ga ma'ajiyar SSD, ga katin hoto wanda shi ke cinye kaso mafi tsoka na kuɗin, ga fawa mai raba wuta, sai gidan da ake zuba su. Bakwai ke nan, daidai da takardar Auta. Ya ce wasu manyan kamfanoni kan ƙera uwar allo da fawa a kan nasu fasalin, ta yadda in ɗaya ya mutu na kasuwa ba zai shiga gurbinsa ba. Wasu masu haɗawa kuma sukan rubuta sunan firosesa da katin hoto da manyan baƙaƙe, su yi shiru a kan fawa, domin a nan ake rage kuɗi. Wani lokaci su sa RAM sanda ɗaya maimakon biyu, alhali sanda biyu masu giga 8 sun fi sanda ɗaya mai giga 16 sauri, saboda hanya biyu suke bi. Ba duka haɗaɗɗu ne haka ba, in ji shi. Akwai waɗanda da kayan gama-gari aka haɗa su. Sai dai mai saye ya nemi a rubuta masa sunan kowane ɓangare.

Haɗin hannu ma da nasa haɗarin, kuma bai ɓoye min ba. Ba kowace firosesa ke zama a kowace uwar allo ba. Na kamfanin AMD masu mazaunin AM4 da RAM nau'in DDR4 suke aiki. Sababbin masu mazaunin AM5, da suka fito a 2022, sai DDR5. Ka sayi wannan ka haɗa da wancan, ka yi asara. Wannan kam na fahimta da wuri, domin mu ma ba ma ɗaura wa majiyyaci jini sai an gwada ya dace da nasa. Akwai shafin PCPartPicker da ke yin irin wannan gwajin kyauta: ka jera kayanka, ya faɗa maka inda suka saɓa. Sannan akwai 'yan siraran ƙusoshin firosesa, waɗanda in hannu ya karkace suka lanƙwashe, ba mai karɓa a mayar. Ga shi kowane ɓangare da nasa garantin daban, kai ne za ka gano wanda ya yi laifi.

Batun araha kuwa, kada kowa ya rantse maka. Yana juyawa da kasuwa. A 2021, lokacin da masu haƙar kuɗin kirifto suka wawashe katunan hoto, sau da yawa haɗaɗɗiya ta fi sauƙi, har wasu kan saye ta don su cire katin kawai. A ranar da na yi nawa cinikin, bambancin bai kai yadda Auta ke zato ba, 'yan ɗaruruwan riyal ne. A tambaya kuma ko farashin da aka faɗa ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa tun Yulin 2020, don kada a sha mamaki wurin biya.

Abu na gaba da ya canja jerin Auta shi ne wuta. Shi ya rubuto katin da ya fi ƙarfin aljihuna, ya kuma fi ƙarfin gidanmu. A Riyad ba wanda ke tunanin wannan, wuta ba ta ƙiftawa, na'urar sanyaya ɗaki na aiki dare da rana. A gida kuwa sola ce da inbata, sai janareto in an samu mai. Katin RTX 4090 shi kaɗai yana iya jan wat 450. RTX 4060 kuwa wat 115 ne, firosesar Ryzen 5 5600 kuma an ƙiyasta ta a wat 65. Waɗannan biyun muka ɗauka, da RAM giga 16 sanda biyu, da SSD mai tera ɗaya. Inda na ƙi yarda a rage ko riyal ɗaya shi ne fawa: na sayi mai wat 650 ta sanannen kamfani, mai tambarin 80 Plus. Fawar banza in za ta mutu ba ta tafiya ita kaɗai, takan ja na kusa da ita. Rigakafi dai ya fi magani.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta ƙarshe. Yaron ya ce kada in kai kaya Kano a rufe cikin kwali ban gwada ba. Na biya ɗan kuɗin hannu, ya haɗa su a kan teburinsa a gabana, na ɗauki bidiyon komai na tura wa Auta. Aka bar ta tana aiki mai nauyi kwana biyu. A rana ta biyu sandar RAM ɗaya ta fara kawo kuskure, aka canja ta nan take da rasit. Da a Kano aka gano, da sai dai haƙuri. Bayan nan ya warware komai, ya mayar da kowanne kwalinsa. Gidan kwamfutar da allon kallo da UPS ban saya ba. Na ce a nema a titin Beirut, domin nauyinsu kawai zai cinye min kilo 23 na jaka guda, kuma batir irin na UPS ba abin ɗorawa a jirgi ba ne. Katin hoto da firosesa a jakar hannu na riƙe su, tare da fasfo.

Da na je hutu, a tsakar ɗakin Umma aka yi haɗin, a kan tabarma, bayan sallar isha'i. Auta na ɗaure sukurori hannunsa na rawa, ni ina haska masa fitilar waya, Umma na gefe da carbi tana cewa ita dai ba ta ga abin riyal dubu huɗu a nan ba. Ya danna maɓalli, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Na ga gumi ya karyo masa. Ashe ɗan makunnin da ke bayan fawa ne bai kunna ba. Da fankokin suka juya, allo ya kawo haske, har Umma sai da ta ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi.

Ba ina cewa kowa ya bi hanyata ba. Abokiyar aikina 'yar Sudan ɗin nan, da ta tashi saya wa ɗanta, haɗaɗɗiya ta ɗauka a babban kanti, kuma daidai ta yi: a Riyad yaron yake, garanti na kusa, ita kuma ba ta da lokacin zaman sukurori bayan aikin awa 12. Wanda kwamfutarsa za ta zauna inda aka saye ta, kuma ba ya sha'awar buɗe ciki, ya sayi haɗaɗɗiya, ya dai nemi sunan fawa da adadin sandunan RAM, ya adana rasit. Wanda kuwa zai aika gida, Kano ko Katsina ko Maraɗi, ya sayi kayan gama-gari da kowane mai gyara zai iya cirewa ya sa wani, ya gwada su tun a nan, ya auna wutar gidan kafin ya auna ƙarfin katin.

Da hunturu ya shigo, ƙura ta toshe fanka ɗaya ta fara kuka. Auta bai kira ni ba sai bayan ya gama: ya buɗe, ya cire, ya hau adaidaita zuwa kasuwa, ya sayo wata ya ɗaura. Hoton kawai na gani. Na tambayi Umma ko yana karatu ko gem ya samu. Ta ce: "Da rana dai gidaje nake gani a allon. Da dare kuma in ji yana ihu shi kaɗai wai an ci shi. Amma ya zana min yadda za a gyara kicin ɗina, har da taga. Ki shirya, ke za ki biya."