Buhun PICS: abin da haɗin kan kamfani da masu bincike ya haifar

Duk mai ajiyar wake a Maraɗi, Tibiri ko Jiratawa ya san ɓarnar ƙwaro. Ka cika buhu da kaka, kafin bazara wake ya huje, ya koma gari. Shi ya sa da yawa daga cikinmu ke sayarwa da araha tun da kaka, ko mu zuba magani mai guba cikin abin da za mu ci.

Dabarar buhu mai rufi uku ba sabuwa ba ce. Masanan jami'ar Purdue ta Amurka sun gwada ta a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980. Leda biyu masu kauri ne cikin buhu guda. In an ɗaure kowace da kyau, ƙwarin sai su cinye iskar da ke ciki, su daina ci, su mutu. Amma dabarar ta daɗe ba ta yaɗu ba, don manomi ba ya samun ledar da ta dace a kasuwa.

A 2007 aka soma shirin PICS, aka jawo masu masana'anta cikin aikin. Masu binciken INRAN na Tarna, nan Maraɗi, cikinsu har da Ibrahim Baoua, suka riƙa gwada buhunan. Kamfanin Lela Agro na Kano ya riƙa ƙera su bisa kaurin da masana suka tsayar, 'yan kasuwa kuma suka kai su ƙauyuka. A gaban jama'a ake ɗaure buhu, bayan watanni a buɗe, kowa ya gani da idonsa.

To mene ne ribar kowa? Kamfani ya samu sabuwar haja da ba shi da ɗakin gwajin da zai ƙirƙiro ta shi kaɗai. Su kuwa masana, koken 'yan kasuwa da manoma ya nuna masu inda za su sa gaba. Ta haka aka gwada buhun kan masara da gurjiya, ya wuce wake kaɗai.

Muna da INRAN, muna da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ga masu sayar da iri da masu sarrafa gyaɗa. Mai sana'ar da wata matsala ta dame shi, ya kai ta Tarna tun kafin a tsara bincike, kada ya zauna jiran sakamako.