Rediyo mai aiki da manhaja

Rediyo mai aiki da manhaja, wanda ake taƙaita sunansa da SDR, wani nau'in rediyo ne da kwamfuta ko wayar hannu ke yin mafi yawan aikinsa. A akwatin rediyo na gargajiya, kayan lantarkin da ke ciki su ne ke zaɓar tasha, su tace sigina, su mayar da ita murya. A SDR kuwa, ƙaramar na'ura ce ke kamo siginar daga eriya ta mayar da ita lambobi, sannan manhaja ta yi sauran aikin. Saboda haka na'ura ɗaya kan iya kama tashoshin FM, gajeren zango, saƙonnin jiragen sama da na tauraron ɗan Adam, gwargwadon manhajar da aka buɗe.

Tarihi

Injiniya Joseph Mitola ne ya yayata tunanin a farkon shekarun 1990, a lokacin da rundunar sojin Amurka ke gudanar da shirin SpeakEasy don samar da rediyo ɗaya da zai iya magana da nau'o'in rediyo daban-daban. A 2001 Eric Blossom ya fara GNU Radio, manhajar kyauta ta sarrafa sigina. Fasahar ta isa hannun talakawa ne a 2012, bayan da masu bincike, ciki har da Antti Palosaari da ƙungiyar Osmocom, suka nuna cewa guntun lantarki na RTL2832U, wanda kamfanin Realtek ya ƙera domin kallon talabijin a kwamfuta, yana iya miƙa ɗanyar sigina kai tsaye. Daga nan aka samu sunan RTL-SDR. Waɗannan na'urori an yi su ne don tsarin talabijin na DVB-T, alhali Najeriya ta zaɓi DVB-T2, don haka amfaninsu a ƙasar ya fi karkata ga sauraron rediyo.

Na'urori

RTL-SDR ita ce mafi araha, kuma girmanta bai wuce na filashi ba sosai. Wadda ke da guntun R820T tana kama daga kusan megahaz 24 zuwa 1766, kuma tana nuna faɗin kusan megahaz 2.4 a lokaci guda ba tare da tsinkewa ba. Samfurin RTL-SDR Blog V3 yana da hanyar kama gajeren zango, haka ma V4 da ya fito a 2023. SDRplay RSP1A tana kama daga kilohaz 1 zuwa gigahaz 2, kuma ta fi iya jure sigina mai ƙarfi. HackRF One, wadda Michael Ossmann ya ƙera, tana aiki daga megahaz 1 zuwa gigahaz 6, kuma tana iya watsa sigina baya ga kamawa.

Yadda ake haɗawa

A Windows, da zarar an soka na'urar a kafar USB, kwamfuta kan ɗauke ta a matsayin na'urar talabijin. Ana amfani da ƙaramar manhaja mai suna Zadig don sauya direbanta zuwa WinUSB. Wajibi ne a tabbatar na'urar da aka zaɓa a jerin ita ce ta rediyon, domin sauya direban linzami ko allon rubutu bisa kuskure kan sa su daina aiki. Bayan haka sai a buɗe manhajar sauraro kamar SDR# ko SDR++.

A Linux, ana hana direban talabijin mai suna dvb_usb_rtl28xxu tashi, sannan a gwada na'urar da umarnin rtl_test. Manhajar Gqrx ta shahara a wannan tsari. A wayar Android kuma ana buƙatar kebul na OTG, manhajar direba, da manhajar sauraro irin su SDR Touch. Wannan hanya ta fi dacewa da wuraren da wayar hannu ta fi kwamfuta yawa, sai dai tana cinye batir da sauri.

Gwajin farko shi ne tashar FM mai ƙarfi tsakanin megahaz 87.5 da 108. Ana zaɓar yanayin WFM, a ɗaga ƙarfin karɓa a hankali har siginar ta fito fili a allo.

Eriya

Ingancin eriya ya fi tsadar na'ura tasiri. Eriya mafi sauƙi ita ce mai hannu biyu, wadda jimillar tsawonta a mita ake samu idan aka raba 143 da adadin megahaz. Domin megahaz 100, kowane hannu zai kai kusan santimita 71. Domin saƙon jiragen sama a megahaz 1090, sanda mai kusan santimita 7 ta isa. Domin gajeren zango kuwa, doguwar waya ta mita 10 zuwa 20 da aka ɗaure a sama tana aiki.

Abin da ake iya kamawa a kudancin Jigawa

Siginar FM tana tafiya kusan a miƙe, don haka tsauni da nisa suna tare ta. Birnin Kudu tana da nisan kusan kilomita 40 daga Dutse da sama da kilomita 100 daga Kano, kuma yankin na da duwatsu. Mai sauraro a Wurno ko Gwaram zai fi samun tashoshin Dutse, kamar Rediyon Jigawa, fiye da na Kano, kamar Freedom Radio da ta fara aiki a 2003 a kan megahaz 99.5. Ɗaga eriya sama da rufin kwano yana kawo bambanci babba.

Gajeren zango bai damu da duwatsu ba, domin siginarsa tana dawowa ne daga saman sararin samaniya. Ta wannan hanya Hausawa suka daɗe suna sauraron Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, da na DW a 1963, da na Muryar Amurka a 1979, da na RFI a 2007. Zangon da ke ƙasa da megahaz 10 ya fi kyau da dare, na sama kuma da rana. Matsakaicin zango, inda Rediyon Najeriya Kaduna ya shahara a kan kilohaz 594, shi ma ya fi nisa bayan faɗuwar rana.

Jiragen sama suna aika lambarsu, tsayinsu da matsayinsu ta tsarin ADS-B, kuma manhajar dump1090 tana nuna su a taswira. Jirgin da ke tsayin mita 10,000 ana iya kamo shi daga nisan da ya kai kilomita 400 idan babu abin da ya tare, wanda ya haɗa da sararin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Dutse. Taurarin ɗan Adam na Rasha masu suna Meteor-M kuma suna aiko hoton gajimare a kusa da megahaz 137.

Matsaloli da maganinsu

Kwamfuta ba ta ga na'urar ba. Yawanci direba ne bai zauna ba, ko wata manhaja ta riga ta kama na'urar. Samfurin V4 ba ya aiki daidai da tsohon direba.

Murya na tsinkewa. Wannan na faruwa idan kebul ɗin USB ya yi tsawo ko ba shi da inganci, ko kwamfutar ba ta da ƙarfi. Rage yawan samfurin da ake ɗauka a daƙiƙa zuwa miliyan 2.048 ko ƙasa yakan gyara.

Tasha ta kauce daga mazauninta. Agogon cikin na'urori masu araha ba daidai yake ba. Kuskuren kashi 50 cikin miliyan yana kawo kaucewar kilohaz 5 a megahaz 100, amma kusan kilohaz 55 a megahaz 1090. Ana gyara shi a ma'aunin ppm na manhaja. Zafi yana ƙara kaucewar, musamman a watannin Afrilu da Mayu, don haka ana barin na'urar ta ɗumama na wasu mintuna kafin gyara, kuma a ajiye ta a inuwa. Na'urori masu agogon TCXO ba su cika samun wannan matsala ba.

Tasha ɗaya na bayyana a wurare da yawa. Alama ce ta cewa ƙarfin karɓa ya yi yawa. Ana rage shi, ko a sa matatar da ke toshe FM.

Ƙara ta rufe komai. Inbata ta sola, janareta, cajar waya mai araha da ƙwan LED duk suna fitar da ƙarar lantarki, kuma gajeren zango ya fi shan wahala. Ana gano mai laifin ta hanyar kashe kayan ɗaya bayan ɗaya. Cire cajar kwamfuta a bar ta a kan batir, da nisanta eriya daga wayoyin wuta, suna taimakawa.

Lalacewar na'ura. A lokacin hunturu busasshiyar iska kan tara lantarki a doguwar waya, da damina kuma akwai haɗarin tsawa. Ana cire eriyar waje idan hadari ya haɗu ko idan ba a amfani da ita.

Doka

A Najeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke kula da zangon sadarwar kasuwanci a ƙarƙashin dokar 2003, yayin da Hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992, ke kula da gidajen rediyo da talabijin. Watsa sigina yana buƙatar lasisi. Watsawa ba bisa ƙa'ida ba na iya shiga zangon jiragen sama, wanda ke tsakanin megahaz 108 da 137, dab da saman na FM.