Amfanin Injin Fasa Dutse Mai Muƙamuƙi

Babu aikin hanya, ko kwalbati, ko ginin aji, da zai yiwu ba tare da tsakuwa ba. A ƙauyukanmu da dama har yanzu da guduma ake fasa dutse, aikin da ke cin ƙarfi da lokaci, sa'an nan abin da ake samu bai taka kara ya karya ba. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a da jami'an ƙananan hukumomi bayani a kan injin fasa dutse mai muƙamuƙi.

Wani Ba'amurke mai suna Eli Whitney Blake ne ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajista a shekarar 1858, domin samar da tsakuwar shimfiɗa hanya. Injin yana da faifan ƙarfe biyu masu fuskantar juna, sama a buɗe, ƙasa a tsuke. Ɗaya a kafe yake, ɗayan kuma yana kai da komo yana matse dutsen har ya farfashe ya zubo ta ƙasa.

Amfaninsa na farko shi ne ƙarfi, domin yana karɓar manyan duwatsu masu tauri. Na biyu, sassansa ba su da yawa, don haka makanikanmu na gida za su iya kula da shi. Idan faifan ya cinye, sai a juya shi ko a sauya. Na uku, ana iya ƙara ko rage faɗin mafitar gwargwadon girman tsakuwar da ake bukata. Haka kuma akwai ƙananan da ke aiki da man dizal, waɗanda ake iya kai wa gindin dutse inda babu lantarki, abin da ke rage kuɗin dakon tifa.

Sai dai jiƙaƙƙen yumɓu yana toshe shi, kuma ƙurar dutse tana haddasa ciwon huhu wanda ba ya warkewa. Wajibi ne a riƙa yayyafa ruwa, ma'aikata su sa takunkumi, a kuma nisanta injin daga gidaje.

Muna tunatar da shugabannin ƙananan hukumomi da masu unguwanni cewa, bisa dokar ma'adinai ta 2007, Gwamnatin Tarayya ce ke ba da lasisin fasa dutse. A nemi izini kafin a sayo inji.