Tashar Jirgin Ƙasa ta Funtua: Ina Kaya, Ina Fasinja?

Matashin da aka haifa a Funtua bayan shekarar 2000, in ka ce masa "mu haɗu a tasha", tashar mota zai nufa. Ba zai ko tuna da ta jirgin ƙasa ba, alhali ita ce ta raini garin. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtua da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, shi ya mai da wannan wuri cibiyar ciniki, har ya shafe Maska, tsohon garin da hakimin Funtua ke amsa sunan sarautarsa har yau.

Turawa ba don fasinja suka shimfiɗa wannan reshe ba. Auduga suka biyo, da gyaɗa. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Ingila a 1902 don samar wa masaƙun Lankasha auduga, ya girke injinan gurza a Funtua da Malumfashi, aka kuma buɗe gonar iri a Daudawa. Manomin Bakori ko Ƙafur ya kai kaɗarsa kasuwa a auna, a gurje, a ɗaure dila-dila, a loda a tarago sai Legas. Malumfashi ba ta taɓa samun dogo ba, don haka abin da aka gurje a can ma a mota yake tahowa ya tarar da jirgi. Duk abin da ke tashar, daga sito zuwa sikeli, da layukan gefe inda taragu ke jiran lodi, da kwatas ɗin ma'aikatan reluwe, an tsara shi ne bisa bukatar kaya. Fasinja ɗan rakiya ne. Sai dai ya ci moriya: ɗan kasuwa ya je Zariya ya canza jirgi zuwa Kano ko Kudu, 'yan dako da masu tuwo da masu masauki suka samu abin yi, baƙi daga ko'ina suka zauna suka zama 'yan gari.

Wannan asali shi ne ke bayyana yadda tashar ta mutu. An saba ɗora laifin kan sakacin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, kuma tana da nata kason: tsofaffin kawunan jirgi, dogon da ba a canza katakonsa, jirgin da ba ya zuwa a kan lokaci. Amma a ganina babban dukan daga gona ya fito. Gyaɗa ta faɗi a tsakiyar shekarun 1970 bayan fari da cuta. A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, ciki har da ta auduga, sai aka rasa mai tara kaya wuri guda da yawan da zai cika jirgi. Daga baya masaƙun Kaduna da Kano suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, atamfar waje ta cika Kantin Kwari. Manomi kuwa ba ya noma abin da ba shi da mai saye.

Abin lura, ƙasar ba ta daina noma ba. Shirin bunƙasa noma na Funtua da Bankin Duniya ya tallafa a tsakiyar shekarun 1970, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, ya yaɗa taki da irin masara, ya kuma buɗe hanyoyin karkara. Masara ta hau gadon auduga, waken suya ya biyo baya. To amma masara ba tashar ruwa guda take nufa ba. Yau kamfanin abincin kaji ne a Ibadan, gobe Dawanau, jibi Nijar. Dillali a kasuwar Dandume yana son motar da za ta tsaya a bakin rumfarsa ta sauke a ƙofar mai saye. Tumatirin Danja kuwa ba ya jira. Funtua na zaune a mahaɗar titin Zariya zuwa Sakkwato da wanda ya nufi Malumfashi da Katsina, sai tirela ta kwashe cinikin gaba ɗaya.

Kuɗin wannan sauyi kowa na biyansa, ko bai sani ba. Titi na farfashewa ƙarƙashin nauyin da ƙarfe ya kamata ya ɗauka. Kowane shinge a hanya yana da abin da ake ajiyewa, kuma a ƙarshe kan buhu yake komawa, ko a rage wa manomi ko a ƙara wa mai ci. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, ɗalibi ko ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Funtua da Zariya, ko majinyacin da za a kai asibitin koyarwa na Shika, ba shi da wata hanya mai rahusa da zai koma mata. A nan ne rashin jirgin fasinja ya fi ciwo, domin tafiyar gajeriya ce, irin wadda jirgin safe da na yamma zai wadatar.

Yanzu ga tashar tsandauri ta Funtua, ɗaya daga cikin shida da aka amince da su tun 2006, wadda aka ƙaddamar a Mayun 2024. Hikimarta ita ce kwantena ta taso daga Legas a kan dogo, kwastan su duba ta a nan. In babu jirgi, ta zama babban garejin tireloli mai ofishin kwastan. Ga kuma wata matsala: dogon Funtua na tsohuwar ƙira ne mai ƙaramin faɗi, sababbin layukan kuwa masu faɗi ne, jirgin wannan ba ya hawa wancan. Na Kaduna zuwa Kano ta Zariya zai bi. Na Kano zuwa Maraɗi, da aka aza harsashinsa a 2021, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya nufa. Kudancin jihar Katsina, inda rumbunta yake, ba ya cikin taswirar.

Masu cewa a farfaɗo da layin har Ƙauran Namoda suna da hujja, amma sai sun amsa tambayar tsaro. Yankin da ke tsakanin Funtua da Gusau 'yan bindiga sun addabe shi, kuma harin jirgin Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022 bai fita daga zukatan mutane ba. Guntun Zariya zuwa Funtua ya fi sauƙin tsarewa, ya kuma fi kusa da kaya. Gyaran kundin tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar jirgin ƙasa, ke nan Katsina da Kaduna na iya haɗa hannu a kansa ba sai sun jira Abuja ba. Fenti da fanka da sababbin kujeru a ɗakin jira ba za su dawo da kowa ba matuƙar babu manyan 'yan kasuwar hatsi da suka yi alkawarin lodi duk mako, da jadawalin da mutum zai iya dogara da shi ya kama aikinsa a Zariya ƙarfe takwas.